Gangunan Maraɗi da Ramin Gaban Rumfar Iya

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta kira waya, tambayar dai ɗaya ce, wai yaya Nijar. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tambaya in tura mata.

Amma bari in fara gyara muku zance, don kusan dukanku kun ɗauka ba daidai ba. Masu cewa an kai ni ne a toshe mini baki, ga bakin nan yadda kuka san shi. Masu cewa yawon shan iska na je, kwana biyu a mota zuwa, biyu dawowa, har ƙafafuna suka kumbura, in wannan ne shan iska ku je ku sha. Ni saboda rami ɗaya na tafi, ramin da ke gaban rumfar Iya.

Ga waɗanda ba su sani ba, Iya mahaifiyata ce, tana suyar doya da awara a nan Lafiya, a titin nan da ya ratso daga hanyar Doma zuwa kasuwar doya. Tun rasuwar Baba da kaskon nan ake ci da mu. Daidai gaban rumfarta akwai wani rami a kwalta wanda ya girmi ƙanwata. Duk keke napep ko mota in ta zo nan dole ta taka birki, sai ka ga hannu ya fito ta taga, Iya ta miƙa leda, an gama ciniki. Mafi yawan masu sayen doyarta ba su taɓa sauka ba. Gosulo da kowa ke tsine wa, mu shi ne kasuwarmu.

Sai aka kira taro a makarantar firamare ta unguwa. Wani injiniya mai suna Terver, Batibi ne, siriri mai tabarau, ya manna zane a allo. Za a cike ramin, titin ya koma hannu ɗaya, a zuba kankare gefe da gefe don masu tafiya a ƙasa, tashar keke kuma a mayar da ita can ƙarshe kusa da gidan mai. Ya ce abin da mota ke ci a minti ashirin za ta ci a minti biyu. Aka yi tafi. Ni na miƙe.

"Oga, in mota ta wuce a minti biyu, wa zai sayi doyar uwata?"

Ya ce in kwantar da hankali, gwaji ne na wata uku, in bai yi ba za a duba. Na ce gwaji da kankare? In bai yi ba da haƙori za ku cire shi? Aka yi dariya, shi bai yi ba. Bayan mako guda sai ga kira, wai masu ɗaukar nauyin aikin za su kai mutum uku Maraɗi su ga wani titin kasuwa da aka yi wa irin wannan gyara wata shida da suka wuce, kuma suna son mace ɗaya daga cikin masu sana'a wadda ta iya rubutu. Na ce ba zan je ba. Iya ta ce in je, in gano mata yadda matan can suka ƙare, ta san irin shirin da za ta yi. Ba da wasa ta faɗa ba, har ta fara tambayar kuɗin hayar shago a hanyar Obi, inda ko akuya ba ta tsayawa.

Mu uku muka tashi bayan asuba, ban da direba: ni, Injiniya, da Ciyaman Agbo, shugaban 'yan keke na tasharmu, mutumin Doma, ƙato mai dariya da ciki. Ciyaman ya zo da kula cike da sakwara da miyar agushi, da buhun gari, wai ya ji labari babu abinci a Nijar sai gero. Kafin mu kai Akwanga ya buɗe kular. Kafin Kaduna babu komai cikinta sai cokali. Injiniya kuwa tun daga Lafiya yake rungume da kwamfuta, yana rataye da agogon auna gudu irin na malamin wasanni. Ban yi masa magana ba har Zariya, inda ya saya mini ruwa ya ce, "Talatu, kin ɗauka ni maƙiyin ku ne." Na ce ban ɗauka ba, na gani ne a allo.

A Katsina muka kwana, a wani masauki da fankarsa ke juyi tana kuka ba iska. Washegari muka nufi Jibiya. A bakin iyaka aka karɓi takardunmu, aka nemi katin rigakafi, wannan mai ruwan ɗorawa. Ni da Injiniya muka miƙa. Ciyaman ya zazzage jaka, ya fito da katin zaɓe, katin ƙungiya, katin asibitin matarsa, babu na rigakafi. Ma'aikacin ya ce ba damuwa, ga ɗaki can a yi masa allurar yanzu. Mutumin da ke tsawata wa 'yan keke ɗari biyu, sai ga shi yana roƙon wata ƙaramar nas ta bari ya yi addu'a tukuna. Ni na riƙe masa hula. Ya ce in na faɗa a tasha zai sa a daina ɗaukata a keke har abada. To ga shi na rubuta.

Abin da ya fara ba ni mamaki bayan mun tsallaka shi ne shiru. Direba ya ga alamar tsayawa ya tsaya, alhali babu ko jami'i ɗaya a wurin. Mutanen can Hausarsu mai nauyi ce, a hankali, gaisuwa kuma ba ta ƙarewa. Mu a Lafiya ka ce sannu ka wuce, ko ka haɗa da Turanci da yarenku duk a numfashi ɗaya, ba wanda zai kalle ka. Can sai an tambayi gida da gajiya da rana da sanyin da ya wuce. Na matsu har na fara amsawa tun ba a tambaya ba.

Wanda ya tarbe mu a Maraɗi Malam Isufu ne, ma'aikaci a ofishin da ya yi gyaran, dattijo mai fararen kaya. Ya kai mu masauki, ya sa aka kawo dambu da zogale da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi. Ya ce mu huta sai rana ta yi sanyi. Injiniya ya ce ai aiki ya kawo mu, ba hutu ba. Ni ma a nan na goyi bayansa, don ban iya zaman jira ba. Malam Isufu bai yi gardama ba, ya kwatanta mana wurin ya ce zai iske mu.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka isa titin. Faɗinsa kamar namu, kasuwa a gefe ɗaya, shaguna a ɗaya gefen. An jera gangunan ƙarfe irin na mai, an shafa musu fenti fari da ja, sun raba hanyar motoci da ta mutane. Titin fayau. Injiniya ya ɗauki ɗan acaba, kabu-kabu suke ce musu, ya danna agogo daga wannan baki zuwa wancan. Ya dawo yana murmushi har kunne. Ya sake, ya sake, sau biyar. Yana rubutawa yana cewa in zo in gani da idona, babu gosulo ko kaɗan.

Na gani. Na kuma ga abin da shi bai kalla ba. A jikin katangar kasuwa akwai baƙin hayaƙi wuri-wuri, ƙasa kuma ga tabon mai da duwatsun murhu uku-uku. Ni 'yar mai suya ce, na san wurin da kasko ya shekara. Na ƙirga goma sha ɗaya, babu ko mace ɗaya a kai. Na zauna a kan wani dutse ina tunanin yadda zan faɗa wa Iya. Na ɗaga waya zan kira ta, na ajiye.

Wajen la'asar Malam Isufu ya iso ya tarar da mu, ɗaya na murna ɗaya na neman kuka. Injiniya ya nuna masa takardarsa. Dattijon ya duba, ya tambayi ƙarfe nawa aka yi awon, sai ya rufe baki da hannu yana dariya a ɓoye. Ya ce a garin nan daga azahar zuwa la'asar ko kare ba ya tsallaka titi, kowa yana inuwa. Mu mun zo da agogon Lafiya a ka, inda ƙarfe biyu ne ake tashin makaranta gari ya cushe. Rana muka auna, ba titi ba. Injiniya ya cire tabarau ya goge, ya yage shafin ya cusa a aljihu.

Kafin ƙarfe biyar titin ya cika, kabu-kabu, amalanken jakai, motocin ƙauye. Ana tafiya, ba gudu ba, ba kuma tsayuwa ba. Malam Isufu ya zagaya da mu shago-shago ana tambayar mutane yadda suka ga gyaran. Kowa ya kalli fararen kayansa sai ya ce lafiya lau, an gode, Allah Ya saka. Mutum takwas, amsa ɗaya. Na ce wa Ciyaman a kunne, a Lafiya da tuni wani ya zagi uwar wanda ya kawo gangunan. Ya ce su ma suna zagi, sai dai sai ka juya baya.

Saboda haka na zame. Na ce zan sayi kilishi, na bi ƙamshin mai. Ba nisa, tsakiyar titin, sai na ga layin gangunan ya lanƙwasa ya shiga ciki kamar an ciji gefen burodi, ya bar wani fili da zai ɗauki mota biyu da babura kamar shida. Bayan filin ga mata jere da kasake. Na ƙirga, tara. Abin hawa ya ratse ya shiga lungun, hannu ya fito, leda ta shiga, ya fita wani ya shigo.

Na tsaya gaban wata dattijuwa mai suyar doya da ƙosai. Doyar na fara kallo, na ce wannan ai tamu ce. Ta ce daga Najeriya ake kawowa, wani gari wai shi Lafiya. Na ce daga can na fito, uwata ma sana'arta ke nan. Nan take ta jawo mini kujera. Sunanta Inna Hadiza. Ban yi dogon gaisuwa ba, na ce mata za a yi mana irin wannan aikin, ina son gaskiya, ba irin amsar da ake ba mai fararen kaya ba.

Ta ce watan farko sun sha wuya. An jera gangunan miƙe tun daga farko har ƙarshe, babu inda abin hawa zai ratse, kowa ya wuce. Tana komawa gida da ƙullu. Mata biyu a cikinsu suka gaji suka bar sana'ar, ɗaya ta koma ƙauye wajen ɗanta, har yau ba ta dawo ba. Sun je ofis sau biyu aka ce su yi haƙuri, gwaji ne.

Na ce to wa ya yi musu wannan lungun. Ta kalli hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

"Mu muka yi, 'yata. Ranar da aka zuba yashi a gangunan, na farko-farko an cika su har baki. Da aka zo tsakiya yashi ya kusa ƙarewa, sai aka riƙa zuba rabi-rabi. Wata rana na jingina da ɗaya na ji ta motsa. Na kira maƙwabciyata, muka mirgina ta."

Kullum da yamma sai su tura ganga huɗu ciki, su kwashe kasake su dawo nan. Da safe ma'aikata su mayar. Da yamma su sake turawa. An yi kusan sati uku ana haka, ba wanda ya ce wa wani uffan. Rannan sai Malam Isufu ya zo ya zauna a can gefe tun la'asar har magariba yana kallo. Washegari ya dawo da mai fenti, aka ja layi daidai inda suka ajiye gangunan. Ta ce ciniki yanzu bai kai na da ba a ranar kasuwa, amma sauran ranaku ya fi, don da mai mota yana tsoron tsayawa a zage shi, yanzu yana da wuri. Kuma tun da aka yi gyaran ba a sake buge mata kasko ba, da kuwa sau biyu babur yana watsa mata mai a ƙafa. Ta ɗage zane ta nuna mini tabon.

Na ci doyar nan har yanka shida, ta ƙi karɓar ko sisi. Na fito da littafina na zauna nan har aka kira magariba. Injiniya yana can yana ƙirga motoci, ni ina ƙirga hannayen da ke fitowa ta taga. Duk hannu ɗaya in ja layi ɗaya. Na cika shafi na juya.

A masauki na ajiye littafin gaban Injiniya. Ya tambayi mene ne, na gaya masa. Na ce a takardarsa akwai gurbin gudun mota, akwai na yawan mota, akwai na hatsari, ina gurbin wannan? Ya daɗe yana kallon layukan. Ya ce ba a koya musu wannan a makaranta ba. Na ce ai ni ma ba a makaranta na koya ba. Ciyaman ya sa baki, ya ce shi ma ya zagaya wajen 'yan kabu-kabu, sun ce tashar da aka ware musu a can ƙarshe ba wanda ke zuwa, fasinja ba ya tafiya da kaya a ka don ya nemi babur, duk a lungun matan nan suke samun mutane. Ya ce in aka kai 'yan kekensa gidan mai, kwana uku za su yi su dawo, kuma ba zai hana su ba.

Washegari da safe na ja Injiniya har gaban Inna Hadiza, ba tare da Malam Isufu ba. Na sa shi ya tura ganga mai rabin yashi, ta motsa. Na kai shi farkon titi ya tura cikakkiya, har jijiyar wuyansa ta tashi ba ta ko girgiza ba. Na nuna masa baƙin hayaƙin nan goma sha ɗaya, na ce ya ƙirga matan lungu. Ya ƙirga tara. Ya rubuta.

Da muka je sallama na tambayi Malam Isufu kai tsaye, me ya sa bai gaya mana matan ne suka gyara masa aiki ba. Ya yi murmushi ya ce ai ba mu tambaye shi ba, agogo muka zo da shi. Ya ce da kankare ya zuba tun farko, da yanzu yana da titi mai kyau a hoto da mata goma sha ɗaya masu yi masa Allah ya isa.

Dawowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe mana bayan Zariya, da Ciyaman da ya sayo kilishi na mutanen tasha ya cinye rabi kafin Akwanga. Injiniya ya yi ta buga kwamfuta a kan cinya. Wajen Nasarawa Eggon ya juyo ya ce ya cire kankare daga kashin farko, ganguna za a sa na wata uku, amma kada in yi murna tukuna, sai ogansa ya sa hannu. Ranar Alhamis da ta wuce ya kira ya ce an sa.

Ranar da na dawo na tarar da Iya tana juya doya. Ko jakata ban ajiye ba ta ce, "Matan can, sun mutu?"

Na ce biyu sun tafi, tara suna nan, har ɗaya ta aiko mata da yaji. Na ba ta labarin gangunan tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba. Da na gama ta kalli titi.

"Ramin fa?"

"Za su cike shi, Iya."

Ta kwashe doyar da ke cikin mai, ta ce dama ya ci tayar mutane da yawa, Allah Ya yafe mana. Daga ranar ba ta sake zancen shagon hanyar Obi ba.

Kada wata ta ce na ce komai ya yi daidai. Ba a fara ba tukuna, kuma mata biyun can na Maraɗi ba su fita raina ba. A layinmu mu goma sha huɗu ne, na rubuta sunan kowa, har da Mama Ngozi mai gasa masara da ba ma ga maciji da ita, don in wata uku ta cika a kira suna ɗaya-ɗaya a ga wa ke nan wa ya ɓace. Daga Litinin zan ɗauki benci in zauna gefen Iya da littafina, sati biyu ina ƙirga hannaye tun ramin yana nan, saboda in an cike shi kada wani ya zo ya ce mini ai da ma haka cinikin yake. Ba da azahar kaɗai ba, safe da rana da yamma.

Ranar da motar yashi za ta zo kuwa, na riga na gaya wa Injiniya, na gaya wa Ciyaman. Zan tsaya a kan masu shebur tun daga gangar farko har ta ƙarshe. Duk wadda yashinta ya wuce rabi, a gabansu zan kifar da ita a sake zubawa.